Ɗaure Tsuntsun Gida: Tsakanin Zaren Ƙafa Da Ɗamarar Ƙirji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura ta fara samun ruwan noma ko a tsakiyar bazara. Babbar hanyar ruwa kan kwaso shi daga Tiga ta rarraba shi cikin dubban hektoci na shinkafa da alkama da tumatir, albarkar kuma ta malala har maƙwabta irin su Dawakin Kudu. Inda duk ruwa da tsaba suka haɗu kuwa, tsuntsu ba ya jiran gayyata. Belbela da zalɓe da kurciya da hasbiya suna nan rani da damina, ga kuma jan-baki da ke sauka gungu-gungu idan shinkafa ta fara nuna.

Yaran da ake turawa korar tsuntsu sukan ɗana tarko ko su harba ɗanko, abin da ya faɗo da rai kuma a kai shi gida a yi wasa da shi. Samari na kiwon tattabaru da kanari, masu hali na sayen aku ko tsirya. Dukkansu damuwarsu ɗaya ce: yaya za a yi kada tsuntsun ya tashi ya tafi? Hanyoyin da muka gada uku ne, wato zare a ƙafa, fige ko yanke gashin fiffike, da kulle shi a keji. Yanzu kuma ga ta huɗu ta shigo ta wayoyin hannu. Ana ganin bidiyon mutanen Amurka da Turai a TikTok da YouTube sun sanya wa aku wata 'yar ɗamara a jiki, sun riƙe igiyarta suna yawo da shi a kafaɗa. Kafin matasanmu su ruga kwaikwayo, ya kamata a san abin da kowace hanya take yi wa jikin tsuntsu.

Zaren ƙafa

Wannan ita ce mafi arha, ita ce kuma mafi muni. Yawanci da zaren buhun taki ko na shinkafa ake yin ta, irin na roba wanda ba ya ruɓewa, ba ya kuma saki. Yaro zai ƙulla shi sama da yatsun kurciya, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin turke ko ƙafar gado. Duk lokacin da ta yunƙura za ta tashi, zaren zai fizgo ta daga sama ta faɗo da ƙirji, kullin kuma ya ƙara shiga. Kafin kwana biyu ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi saboda jini ya daina kai mata. Idan aka ɗauki tsuntsun aka duba, sai a tarar zaren ya nutse cikin fata har ba a ganinsa. Daga nan yatsu kan bushe su guntule. Tattabarun da ake gani a kasuwa da tasha suna ɗingishi a kan dungulmi, da yawansu zare ko gashin kitso ne ya naɗe musu yatsu ya yi wannan aiki.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ƙasusuwan tsuntsu marasa kauri ne, wasu ma da rami a ciki, domin Allah ya yi su ne don tashi sama. Fizga ɗaya mai ƙarfi ta isa ta karya ƙafa ko ta goce gaɓa. Wani zai ce ai Larabawan Saudiyya da Ƙatar da Dubai a ƙafa suke ɗaure shaho. Gaskiya ne, amma ƙafar shaho ita ce makaminsa, da ita yake cafke abin farauta ya ɗaga. Ga shi kuma da tattausar fata mai faɗi suke ɗaurin, a ƙafafu biyu, a hannun mutanen da suka gaji sana'ar. Ƙafar aku da ta kanari ba a yi su don wannan nauyi ba.

Yanke gashin fiffike ma da nasa haɗarin. Sabon gashin da bai gama girma ba yana da jini a cikin karansa. Idan almakashi ya same shi sai jini ya ɓalle, ƙaramin tsuntsu kuwa ba shi da jinin asara. Wanda aka yi wa aski mai yawa kan faɗo a kan siminti ya fasa ƙirji, ba ya kuma iya guje wa kyanwa. Sannan gashin na sake tsirowa ba tare da mai shi ya lura ba, ran da iska ta kaɗa sai a neme shi a rasa.

Amfanin ɗamara

Ɗamarar da ake magana a kai siririya ce mai laushi. Kan tsuntsu na shiga ta wani zobe, a zaro fikafikansa ta gefe biyu, sannan a ja maɗauri ya zagaye jikinsa. Igiyar da ke haɗe da ita tana da roba mai miƙewa, ɗaya bakin kuma a wuyan hannun mai shi yake. Akwai kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera ta, kamar masu samfurin Aviator, kuma girma-girma ake yin ta gwargwadon nauyin tsuntsu. Hikimarta ita ce idan tsuntsu ya zabura, ƙarfin fizgar ba ya taruwa a ƙafa ɗaya, yana bazuwa ne a jiki, robar kuma ta rage masa kaifi.

Babban amfaninta shi ne rana. Jikin tsuntsu na buƙatar hasken rana kai tsaye domin ya samar da bitamin D, wanda da shi ne kalsiyam ke shiga jini ya gina ƙashi da ɓawon ƙwai. Gilashin taga na tare wannan sashe na hasken, don haka ajiye keji a bayan taga ba ya biyan buƙata. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa aku mai ruwan toka da jar wutsiya, irin wanda aka fi so a gidajenmu, yana cikin waɗanda ƙarancin kalsiyam ya fi kamawa, musamman idan gyaɗa da tsaba kawai ake ba shi. Alamarsa ita ce rawar jiki da faɗowa daga kan sanda, wani lokaci har da abu kamar farfaɗiya.

Na biyu, ɗamara kan sa a bar wa tsuntsu fikafikansa cikakku, ya motsa jiki, ya ɗan tashi iyakar tsawon igiya. Na uku, aku halitta ce mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke rayuwa cikin garke a daji. Idan aka kulle shi shi kaɗai shekara da shekaru, kaɗaici kan sa ya riƙa tsige gashin jikinsa har ƙirjinsa ya zama fata zalla. Fita waje da ganin sababbin abubuwa na rage wannan. Na huɗu, in za a kai shi wurin likita ko a yi tafiya da shi, an sami tsaro daga kuɓucewa.

Illolinta

Illa ta farko tana cikin yadda tsuntsu ke numfashi. Ba shi da tantanin da ke raba ƙirji da ciki irin namu, huhunsa kuma ba ya buɗewa ya tsuke. Jakunkunan iska ne da shi, guda 9 a yawancin tsuntsaye, masu aiki tamkar zugazugin maƙeri, kuma motsin ƙashin ƙirji ne ke hura su. Duk abin da ya danne ƙirjin, ya toshe numfashi ke nan, ko da ba a taɓa wuya ba. Abin da ya sa ɗan tsako ke mutuwa a hannun yaron da ya damƙe shi don so ke nan. Ɗamarar da ta matse za ta iya yin haka. Wadda ta yi sako-sako kuma, ko dai ya zame ya gudu, ko ƙafarsa ta saƙale a ciki. Wannan ne ya sa haɗa ta a gida da tsumma ko igiyar takalmi, ba tare da awo ba, ganganci ne.

Ta biyu tsoro ne. A wurin tsuntsu, duk abin da ya kama masa fiffike maƙiyi ne. Masu kiwon da suka ƙware sukan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, suna sabar masa: yau a ajiye ɗamarar kusa da keji, gobe a bari ya taɓa ta da baki a ba shi gyaɗa, sai can gaba ya cusa kansa da kansa. Wanda aka kamo daga daji da girmansa da wuya ya taɓa yarda. Idan aka danne shi aka sa masa da ƙarfi, zai yi ta bugun fiffike har ya ji ciwo, amanar da ke tsakaninsa da mai shi kuma ta rushe. Kada a manta bakin aku na fasa ƙwaya mai tauri, don haka cinye ɗauri ba komai ba ne a wurinsa. Mafi muni shi ne ya kuɓuce da igiyar a jikinsa, ta naɗe a reshen mangwaro ko wayar lantarki ya rataye.

Sauran illolin na wurinmu ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40. Tsuntsu ba ya gumi, jikinsa kuma dama ya fi namu zafi. Idan ka ga ya buɗe baki yana haki, ya ware fikafikai daga jiki, to a gaggauta kai shi inuwa. A filin noman rani kuma ga shaho da shirwa na shawagi, tsuntsun da ke ɗaure ba shi da mafaka. Ga feshin maganin ƙwari da na ciyawa da ake yi wa tumatir da shinkafa, wanda kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe ƙaramin tsuntsu ta numfashi ko ta ruwan da ya sha a kwata. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a watan Fabrairun 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji, jihar Kaduna, ta kuma sha dawowa Kano tun daga lokacin. Kai tsuntsun gida bakin ruwa inda na daji ke sauka, ko kasuwar kaji, ɗauko wa gida cuta ne.

Wa ta dace da shi?

Ɗamara ta aku ce da tsirya da makamantansu, waɗanda suka tashi a hannun mutum, suka saba a taɓa musu kai da ƙarƙashin fiffike. Kanari da sauran ƙananan tsuntsaye sun yi mata ƙanƙanta. Su keji mai faɗi suke buƙata, a fitar da shi hantsi da safe, a rufe gefe guda don inuwa. Tattabara ba ta buƙatar ɗauri ko kaɗan. A tsare sabuwa a ɗakinta na wasu makonni da tsaba da ruwa mai tsabta, a haɗa ta da abokin zama. Da zarar ta yi ƙwai, ko an kore ta za ta dawo.

Wanda ya ga lallai sai ya yi amfani da ɗamara, ya nemi daidai girman tsuntsunsa, ya tabbatar yatsa na iya ratsawa tsakaninta da ƙirji. Ya fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, na ɗan lokaci. Igiyar ta zauna a hannunsa, ba a jikin turke ba. Da an dawo gida a cire ta, kada ya kwana da ita.

Addini da doka

Musulunci bai hana ajiye tsuntsu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) kuma ya san da haka bai hana ba. Daga nan malamai suka fitar da halaccin riƙe tsuntsu, bisa sharaɗin ciyar da shi da rashin azabtarwa. A littattafan biyu kuma akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya hana wata halitta tafiya, nauyin cinta da shanta da lafiyarta ya hau kansa.

Akwai kuma tambayar inda tsuntsun ya fito. Aku mai jar wutsiya ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Daga dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Kwango ake kamo shi, da yawa kuma kan mutu a hanya kafin su iso kasuwa. Yawansa ya ragu har ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji, suka amince, a taronsu na 2016 a Afirka ta Kudu, da haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Najeriya ma tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. Gauraka da ake yi wa kallon tsuntsun ƙasa ya yi wuyar gani ko a fadamun Haɗeja da Nguru, kuma kama shi don ƙawata gidajen manya na cikin dalilai. Aku kan haura shekara 40 a raye, saboda haka mai sayensa ya san amanar da zai iya barin wa 'ya'yansa ce.

A taƙaice, ɗamara ta fi zaren ƙafa nesa ba kusa ba, amma kayan fita ce ta ɗan lokaci ga tsuntsun da ya saba, ba ta maye gurbin keji mai faɗi da abinci mai kyau da hantsin safe. Kira na musamman ga iyaye da malaman makarantun allo da na boko a Kura da Bunkure da Dawakin Kudu: idan kuka ga yaro na jan tsuntsu da zare, ku karɓa ku yanke zaren a hankali, ku nuna masa ƙafar ya gani da idonsa, in na daji ne kuma mai lafiya a sake shi. Wanda ba zai iya ɗaukar ɗawainiyar tsuntsu ba, ya bar shi inda Allah ke ciyar da shi.