Gyaran Fuska Don Neman Aiki a Koriya ta Kudu

A unguwar Gangnam da ke birnin Seoul, asibitocin tiyatar gyaran fuska sun yi yawa har sai ka ga da dama cikin bene guda. Cikin masu zuwa har da matasan da suka gama jami'a, maza da mata, masu shirin neman aiki.

Tushen abin shi ne al'adar manna hoto a takardar neman aiki: idan takardun shaida sun zo ɗaya, sau da yawa fuska ce ke raba gardama. An fi yin tiyatar ninka fatar ido, wadda likitan sojan Amurka Ralph Millard ya taimaka wajen yaɗa ta a shekarun 1950. Sai gyaran hanci da sassaƙe ƙashin muƙamuƙi.

A 2017 gwamnatin shugaban ƙasa Moon Jae-in ta hana hukumomin gwamnati neman hoto. A 2019 kuma doka ta haramta wa kamfanoni masu ma'aikata 30 zuwa sama tambayar tsayi ko nauyi, amma ba ta taɓa hoton ba.

An kuma sha kama asibitoci suna sauya likita a ɓoye bayan majinyaci ya yi barci. Shi ya sa tun Satumban 2023 doka ta tilasta sanya kyamara a ɗakunan tiyata.