Ba Mutanen Ɓoye Ne Suka Kayar da Gwaggo Ba

Ranar da gwaggona ta faɗi a hanyar banɗaki wajen ƙarfe uku na dare, kafin hantsi an gama shari'ar a tsakar gida. Wata ta ce mutanen ɓoye ne, wa ya aike ta bayi a irin wannan lokaci? Wani ya ce tsufa ne, sai haƙuri. Autanta kuwa ya zaro waya ya karanto mana saƙon WhatsApp mai cewa fara zuba ruwa a ka wajen wanka ne ke kayar da mutane. Ba wanda ya juya silifas ɗinta ya ga ƙasansa ya siɗe kamar ragowar sabulu. Sai da na zauna a bakin gadonta na ce, "Gwaggo, kin sha wani magani kafin ki kwanta?" Ta nuna min ƙullin leda a ƙarƙashin matashi.

Mu fara da abin da yake gaskiya. Faɗuwar tsoho babbar magana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi ɗauka. Rahotonta na 2007 ya nuna kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa kowace shekara. Sai dai yawan abu bai mayar da shi dole ba. Mai cewa "tsufa ne kawai" ya rufe ƙofar bincike, alhali yawancin faɗuwa tana da dalilin da ake iya kamawa da hannu.

Maganar aljanun banɗaki ta samu gindin zama ne saboda da gaske ana yawan faɗuwa a can. Mutum ya yi awa huɗu a kwance, fitsari ya matse shi, ya miƙe zumbur. Jini ya zuba ƙafafu, jijiyoyin tsoho kuma ba sa tsukewa da sauri su turo shi sama kamar na matashi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan rasa rabonta, ido ya yi duhu. Likitoci na gane wannan idan awon jini na sama ya sauka da 20, ko na ƙasa da 10, cikin minti uku da miƙewa. Ƙara da yunƙurin tsuguno da tashi, da jiƙaƙƙen tayil, da buta a hannu guda. Addu'ar shiga bayi tana nan a matsayinta, ba wanda ya ce a bari. A haɗa ta da zama a bakin gado na minti ɗaya ko biyu, a motsa ƙafafu, sannan a miƙe a dafe da wani abu mai ƙarfi.

Saƙon zuba ruwa a ka ba shi da tushe. Hawan jini, ciwon suga da taba ne manyan masu jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma ba ruwansu da ta inda aka fara wanka. Ɗan abin da ke cikinsa na gaskiya shi ne wani lokaci ciwon ne ke fara bugawa, faɗuwar ta biyo baya. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take.

Sai masu cewa a hana tsoho ruwa don kada ya tashi fitsari. Rabin gaskiya ce. Rage shayi da abin sha awa biyu kafin kwanciya yana taimakawa. Amma wanda aka ƙuntata wa ruwa yini guda, musamman a zafin bazara, jiri zai ƙaru masa, ga taurin bayan gida. Yawan fitsarin dare ma yana da iyaye: ciwon suga, kumburin furostet a wajen maza, ko maganin da ke sa fitsari irin su Lasix idan an sha shi da yamma. A tambayi likita ko za a mayar da shi safe. Kada dai a dakatar da maganin hawan jini da ka.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce dabarar maganin barci. A ledar gwaggo akwai diazepam, wanda wani mai tausayi ya sayo mata a kemis don ta daina yawon dare. Maganin ba ya hana mafitsara cika. Za ta tashi ɗin, amma a buge, ƙafa na harɗewa. A jikin tsoho yana daɗewa bai fita ba, har washegari yana aiki. Piriton da ake sha don mura shi ma yana sa maye-maye. Shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sa su duka biyun a jerin magungunan da ya kamata a kauce wa ba tsofaffi.

"Ki zauna ki huta, Hajiya, komai za a kawo miki." Ladabi ne, amma ƙafar da ba ta aiki tsokarta zubewa take yi. A 2019 masu bincike na Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 108, suka ga motsa jiki na rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23 cikin ɗari, musamman atisayen tsayuwa daidai. Tashi daga kujera a koma sau goma, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ana dafe da bango, duk suna ciki. A bar ta ta yi 'yar shararta.

Haka batun "ai ta san gidanta ko ido rufe". Ta san gidan, ba ta san inda jika ya yar da kwano ba. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ɗan shekara 20 ba, balle idan akwai yana. Fitilar sola da ke kwana a kunne tsakanin ɗaki da bayi ta fi tocilan da ake lalube a duhu idan an ɗauke wuta. A janye turmi da igiyar shanya daga hanya, a naɗe tabarmar da bakinta ya tashi, a shafa farin fenti a dokin ƙofa, a kafa ƙarfen dafawa a bayi. Fo a ɗaki ya fi duka sauƙi, kunya ce kawai matsalarsa. Gwaggo ta yi mako tana cewa ita ba jaririya ba ce, sai da aka samo mata kujera mai fo da murfi ta yarda.

Ƙarya ta ƙarshe ita ce "tunda ta tashi, ba komai". Wanda ya bugu a ka, musamman mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, jini na iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, sai bayan makonni a ga ruɗewa, ciwon kai ko yawan barci. Idan kuma an tarar da tsoho a ƙasa ya kasa taka ƙafa, ƙafar ta gajarce ta juya waje, kada a ciccibe shi a tsayar. Alamar karayar ƙugu ce, wurin da karan mai ɗori ba ya kaiwa, kuma yawanci sai an yi aiki a asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. A lulluɓe shi, a kwantar da shi a kan abu mai faɗi, a nemo mota.