Waifar Da Ke Yi Yau Ta Ƙi Gobe: A Nemo Cutar Kafin A Sayi Inji

Da zarar ruwan Yuli da Agusta ya kankama, direbobin tsofaffin akori-kura, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna da kuma Hilux, kan isa wurin masu wayarin da koke iri ɗaya: waifa tana cikin aiki sai ta ƙame, bayan an jima kuma ta tashi da kanta. Abin da aka saba yi shi ne a tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya sayo injin waifa na hannu a ɗaura. Sau da yawa wannan gaggawa asarar kuɗi ce, domin injin da ya ƙone ba ya farfaɗowa. Tashi da tsayawa alama ce ta wuta da ke katsewa a hanya ko ƙarafan da suka cije, kuma ana gano wurin da bincike bi da bi, daga mai arha zuwa mai tsada.

Tafiyar wutar ba ta da tsawo. Tana fitowa daga batir, ta bi ta fis, ta isa makunnin da ke jikin sitiyari, a wasu motocin ta ratsa rilei, sannan ta shiga injin waifa ta soket. Daga nan dole ta koma batir ta jikin ƙarfen mota, ta wata waya ko ƙusar da ta ɗaure injin. Kowace mahaɗa a wannan hanya tana iya yin tsatsa ko ta saki, musamman a motar da ta shekara ashirin ko talatin tana jijjiga a hanyoyin kasuwannin ƙauye. Yanayinmu ma yana ƙara tsananta abin. Daga kaka zuwa bazara, wata shida ko bakwai, ba a taɓa waifa. Ƙurar hunturu tana taruwa a ƙarƙashin gilashin gaba, giris ya bushe, ramukan da ruwa ke bi ya tsiyaye su toshe. Ruwan farko yana sauka sai ya kwanta daidai inda inji da soket suke.

Yadda waifar ta tsaya shi ne shaida ta farko, saboda haka direba ya lura da kyau kafin ya je gareji. Idan ana jin ƙugin inji amma hannayen ba sa motsi, wuta lafiya lau take, sai a duba sandunan da ke juya hannayen ko notin da ya kwance. Idan tana yi a gudu ɗaya ta ƙi a ɗayan, a zargi makunni ko ɗaya daga burusan gawayi uku da ke cikin injin, tunda kowane gudu da nasa burushin. Idan ta yi 'yan mintuna ta rage sauri ta tsaya, sannan ta dawo bayan ta huce, wannan aikin wata 'yar na'urar kariya ce da wasu injuna ke da ita, wadda ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, kuma mafi yawan lokaci sandunan da suka bushe ne ke wahalar da injin. Idan ta tsaya a tsakiyar gilashi da an kashe ta, ƙaramin makunnin da ke cikin akwatin giyarta, mai mayar da ita mazauninta, shi ne ya yi datti. Idan kuwa faɗawa rami ko ɗan ƙwanƙwasa injin ke tashe ta, to akwai abin da ya saki: soket, wayar da ke komar da wuta jikin mota, burushin da ya cinye, ko dalmar da ta tsage.

Zancen dalma ba hasashe ba ne. A 1998 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motoci sama da miliyan ɗaya domin gyara, ciki har da akori-kurar Chevrolet da GMC ƙirar tsakiyar shekarun 1990, saboda waifarsu tana yi tana tsayawa. Da aka bincika, dalmar da ke riƙe soket a kan ɗan allon lantarkin da ke jikin injin ce ke tsagewa. Maganin shi ne canza allon da murfinsa, inji kuwa yana nan da ƙarfinsa. A 2003 kamfanin ya sake kiran wasu motocin kan wannan matsala.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A fara da fis: wanda ya ƙone ba ya dawowa, amma mazauninsa kan buɗe ko ya yi kore, sai a goge a matse. Sai a jiƙa gilashi, a kunna waifa, a riƙa girgiza wayoyi da soket ɗaya bayan ɗaya, ana nesanta yatsu daga sandunan domin suna iya datse hannu. Lokacin da ta tsaya, a taɓa bakin soket da ƙwan gwaji. Ƙwai ya fi mita amfani a nan, domin wayar da tsatsa ta cinye tana iya nuna bolt 12 a mita, amma da an ɗora mata nauyi sai wutar ta faɗi. Idan wuta tana zuwa kuma inji bai motsa ba, a ja waya daga jikin injin zuwa kan batir na baƙar waya. In ya tashi, an kama ɓarawon: a kankare tsatsa a ɗaure ƙusa. Daga ƙarshe a cire sanda daga injin a juya hannayen da hannu, a ji ko suna cijewa.

Wani zai ce ai sau da yawa da an canza inji sai matsalar ta wuce, to me ya kawo wannan dogon bincike? Gaskiya ne akwai injin da ya gama yayinsa, kuma shi canzawa ce maganinsa. Amma mai ɗaura sabon inji dole ya zare soket ya mayar, ya kwance ƙusoshi ya sake ɗaurewa, kuma wannan kaɗai kan gyara mahaɗar da ta saki, sai inji ya sha yabon da ba nasa ba. Ga shi kuma na hannun da aka sayo tsaran wanda aka cire ne a shekaru. In kuwa sanduna ne suka cije, sabon ma haka za su gajiyar da shi. Wasu kuma sukan zaɓi gajeriyar hanya, su naɗa waya a madadin fis ko su jawo wuta kai tsaye daga batir. Wannan ya fi komai haɗari, domin fis shi ne ke hana wayoyi kamawa da wuta idan inji ya cije.

Masu cewa damina gajera ce, a lallaɓa da tsumma har ta wuce, su yi wannan lissafi: motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 50 cikin daƙiƙa 3. Idan waifa ta tsaya na wannan ɗan lokaci, tazarar da direba zai yi ke nan bai ga gabansa ba, da lodin buhuna da mutane a baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai akori-kura ya gwada waifarsa tun a watan Afrilu ko Mayu, ya share magudanan ruwa, ya sa wa sanduna giris, ya canza robar da rana ta busar. Mai wayarin kuma ya nuna wa mai mota inda wutar ta katse kafin ya ce a sayo inji.