Kayan Miya a Matsayin Kayan Gyaran Jiki: Nazari a kan Kasuwar Kurmi ta Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan yadda Hausawa, musamman mata, suke amfani da kayan da ke cikin madafa wajen gyaran fata da gashi. An zaɓi Kasuwar Kurmi ta zama madubin nazarin saboda a cikinta ne waɗannan kaya suka daɗe suna haɗuwa, na gida da na nesa. Takardar za ta duba tarihin cinikin kayan, da yadda ake sarrafa su, da dalilin da ya sa suke aiki, da kuma inda suke cutarwa. Wannan magana ta zama wajibi a yau, domin kuwa sunan "haɗin gargajiya" ya zama rigar da ake lulluɓe miyagun sinadarai da ita, har mai saye ya kasa bambance abin da kakarsa ta sani da abin da ɗan kasuwa ya ƙaga.

2.0 Kasuwar Kurmi da Kayanta

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi a gefen Jakara. Tun daga wannan zamani ta zama mahaɗar fatake. Ayarin Azbinawa ya kan kawo gishiri daga Bilma, kanwa ta kan zo daga Borno da ƙasar Manga, goro daga Gwanja, turare da kayan ƙamshi kuwa daga hannun Larabawan Gadamus da Tarabulus. Baturen nan ɗan yawon buɗe ido, Kilafatin, ya zauna a Kano a 1824, ya kuma ambaci kwalli a cikin hajar da ya gani a kasuwar. Ya rubuta cewa matan garin suna rina gashi da gira da hannuwa da shuni, ana kuma rina haƙora da furen taba. Bayansa Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso a 1851, ya tarar da cinikin kanwa yana cikin manyan harkokin birnin.

Abin lura a nan shi ne, Bahaushe bai raba kayan abinci da kayan gyaran jiki rabuwa ta sosai ba. Kanwar da ake jefawa a miyar kuka ita ce ake jiƙawa a yi wanki da ita. Man shanun da ake zubawa a kan tuwo shi ne mai kitso ke lakatowa. Saboda haka macen da ke kulle, idan ta aiki yaro cefane, ko dillaliya ta shigo mata da kaya, sau da yawa ta sami abin girki da abin kwalliya a kwano guda. Abin da ya rage, kamar kwalli da madubi da matsefi, sai a nemo wurin 'yan koli.

3.0 Kashe-kashen Kayan

Idan aka dubi aikin da suke yi, ana iya kasa waɗannan kaya gida uku: masu wankewa, da masu sa laushi, da masu rini ko ado.

3.1 Masu Wankewa

Na farko a wannan rukuni shi ne karkashi. Ganye ne na miya, ɗan'uwan riɗi, mai yauƙi ƙwarai. Mata su kan jiƙa garinsa ko busasshen ganyensa a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, sa'an nan su shafa a kai bayan tsifa. Wannan yauƙi yana lulluɓe kowane silin gashi ya sa shi santsi, sai matsefi ya wuce ba tare da ya tsinka ba. Gashin baƙar fata a nannaɗe yake, kuma a wurin lanƙwasar nan ne ya fi saurin karyewa, don haka duk abin da ya rage gardama tsakanin gashi da matsefi ya rage asara. Ruwan kuɓewa ma yana yin irin wannan aiki. A ƙasar Cadi ana amfani da ganyen nan na karkashi da sunan ambunu, kuma da wannan suna ne ake sayar da shi yanzu a kasuwannin Turai da Amurka.

Na biyu shi ne ganyen magarya. Idan aka daka shi aka kaɗa a ruwa ya kan yi 'yar kumfa, domin yana ɗauke da wani sinadari mai aiki irin na sabulu, wanda ke ɗauke maiƙo da dauɗa ba tare da ya busar da fatar kai ba. Na uku shi ne sabulun salo, wanda ake dafawa da ruwan toka da mai. Yana wanki sosai, amma yana da kaifi, shi ya sa masu hikima su kan cuɗa shi da zuma ko man kaɗanya kafin su kai shi fuska.

3.2 Masu Sa Laushi

A ƙasar Hausa babban abokin gāban fata shi ne hunturu. Busasshiyar iskar da ke kaɗowa daga Sahara tsakanin watan Nuwamba da Fabrairu ta kan janye damshin fata, sai jiki ya yi furu-furu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi da faso. Aikin mai a nan shi ne ya yi wa fata rufi, ya hana ruwan da ke cikinta tsiyayewa. Wannan shi ne dalilin da ya sa shafa mai nan da nan bayan wanka, tun jiki da sauran danshi, ya fi amfani a kan shafa shi a busasshen jiki.

Man kaɗanya shi ne sarki a wannan rukuni. A daskare yake cikin kasko, amma da ya taɓa jiki sai ɗumin jiki ya narkar da shi. Mata ne ke tsintar 'ya'yan kaɗanya da damina, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su kaɗa har mai ya taso. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, musamman daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi, kuma kamfanonin Turai suna saye su sa a cakulan da man shafawa. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar zuwa waje na wata shida, da nufin a riƙa sarrafa ta a cikin gida.

Man shanu kuwa, wanda matan Fulani ke kawowa tare da nono, an fi amfani da shi a gashi lokacin kitso. Aibinsa shi ne saurin yin wari, saboda haka a kan soya shi har ruwansa ya ƙone, a jefa kanumfari ko wani abin ƙamshi. Man gyaɗa da man riɗi da manja su ma suna shiga, gwargwadon ƙarfin aljihun gida.

3.3 Masu Rini da Ado

Lalle shi ne ginshiƙin wannan rukuni, har ya ba da sunansa ga wani mataki na bikin aure, watau sa lalle. Ganyensa yana ɗauke da wani launi wanda ke kama furotin ɗin da aka gina fata da farce da gashi da shi. Saboda tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kauri, a nan ne ya fi yin ja. Kayan madafa suna taimaka masa: ruwan lemun tsami ko tsamiya yana sa garin ya saki launinsa, sukari kuma yana sa kwaɓin ya manne. Ɗumi da daɗewa suna ƙara masa kamu, kuma hikimar ƙunshi ke nan, da zura hannu cikin zunguru kamar yadda matan da suke yi. Launin ba ya wuce saman fata, shi ya sa yake gogewa cikin mako biyu ko uku, yayin da fatar ke sabuntawa.

Akwai kuma dilka da halawa, waɗanda suka shigo daga gabas, ta hanyar Sudan da Borno, suka zama ruwan dare a gyaran amare na Kano. Dilka kwaɓi ne na gari da kurkur da mai da turare, wanda ake murzawa a jiki don ya kankare matacciyar fata. Halawa kuwa sukari ne da ruwan lemun tsami da ake dafawa har su yi danƙo, a manna a jiki a fizge gashi.

4.0 Inda Gizo ke Saƙa

Kasancewar abu daga madafa ya fito bai isa shaidar cewa ba ya cutarwa ba. Masana kimiyya suna da ma'auni da suke kira pH, daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami, sama da ita kuwa kaifi irin na kanwa. Fatar mutum tana wajen 5. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, ruwan kanwa kuma ya kan kai 10 ko fiye. Ke nan duka biyun sun yi wa fata nisa. Wadda ta shafa lemun tsami tsurarsa a fuska ta shiga rana tana iya ƙonewa, wurin ya bar baƙin tabo, alhali haske ta je nema. Kanwa mai yawa a gashi ta kan buɗe ɓawonsa ta sa shi karyewa. Haka nan cika mai a fatar kan da ke da amosani yana iya ƙara shi, domin ƙwayar da ke haddasa shi maiƙo take ci. Kitso mai tsanani kuma shi ne ke cinye gashin goshi, kuma babu man da zai mayar da shi idan tushen ya mutu. Shi kansa lalle, likitoci sun yi gargaɗi a kan shafa wa jarirai, domin yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD.

Mafi muni shi ne abin da ake cusawa daga waje. Lalle na asali ja ne. Abin da ake kira baƙin lalle yawanci yana ɗauke da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda kan sa fata ta yi ƙuraje da bororo, wani lokaci tabon ya zauna a siffar zanen. Kwalli na dutse yana ɗauke da dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da gubar dalma ta shiga jininsa ta hanyar kwallin da aka kai daga Nijeriya, wanda aka auna aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Sai kuma mayukan sauya launin fata. Wata takarda ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka. A cikinsu a kan sami zaiba, mai lalata ƙoda, da sitiroyid, mai sa fata ta yi siriri har ɗinkin likita ya ƙi kamawa, da haidurokwinon, wanda daɗewa a kansa kan bar baƙin dabbare a kumatu. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta taƙaita zaiba a kayan kwalliya, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana wannan al'ada a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Abin takaici, irin waɗannan sinadarai ne wasu masu haɗi ke zubawa cikin sabulun salo ko dilka, su sayar a robar da ba ta da suna ko jerin abin da ke ciki. Alamar da mai saye zai riƙe ita ce, kayan madafa suna sa laushi da sheƙi, amma ba su mayar da baƙi fari. Duk haɗin da ya sauya launin mutum cikin 'yan kwanaki, to, da walakin goro a miya.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa gyaran jiki na matan Hausawa ilmi ne mai tsari, wanda ya dace da yanayin ƙasar da irin fata da gashin mutanenta, kuma kimiyya tana iya bayyana dalilin mafi yawansa. Sai dai ilmi ne na baka, yana hannun tsofaffi da masu kitso da masu gyaran amare, kuma duk tsohuwar da ta rasu ta kan tafi da wani yanki nasa.

Saboda haka wannan takarda tana ba da shawara uku. Na farko, sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo su tura ɗalibai, musamman mata, cikin Kurmi da gidajen birni, su tattara sunayen kayan da ma'auninsu da yadda ake haɗa su. Na biyu, a haɗa kai da sassan kimiyyar magunguna a auna waɗannan haɗe-haɗe, a fitar da sakamakon cikin Hausa, a kuma watsa shi ta rediyo inda matan gida za su ji. Na uku, shugabannin kasuwa da hukuma su lizimta wa masu haɗi rubuta abin da suka zuba a jikin kowace roba, domin wadda za ta shafa ta san abin da ta saya.