TAKOBI NA MUTUM GUDA, GARDAMA TA KOWA: ABIN DA MASOYA KOKOWA KE FAƊI A MADARUNFA

Kowace shekara, idan damina ta ɗauke, aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, rumbuna suka cika, sai hankalin jama'ar Nijar ya koma fagen kokowa. Jahohi takwas na ƙasa sukan haɗu a gari guda, kowace jaha da zaratanta goma, a yi wajen kwana goma ana karawa safe da marece. Ranar ƙarshe a miƙa wa mutum guda takobi, a naɗa masa rawani, a ba shi doki da kayan hawa, taro ya watse.

To, a gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, watsewar taro ba ita ce ƙarshen magana ba. A kasuwar Ɗan Isa, a tashar mota, a fadojin matasa inda ake dafa shayi, har a bakin tafki inda masunta ke gyaran koma, gardama ce ke tashi. Shin wanda ya ɗauki takobin shi ne ya fi kowa? Wa ya cancanta bai samu ba? A cikin dukan waɗanda suka taɓa riƙe shi, wane ne gwanin gwanaye? Wannan gardama tana da tushe, kuma ya kamata mai karatu ya san tushenta.

ASALIN TAKOBI

Kokowa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Da kaka ake yin ta, lokacin da ciki ya cika, jiki ya huta da noma. Samarin wannan ƙauye su ɗauki makaɗansu su tafi wancan ƙauye, a share dandali, a kara, wanda ya yi kaye a yi masa guɗa da kari. Babu takarda, babu agogo. Dattawan gari su ne alƙalai.

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, hukuma ta mayar da wannan wasa gasar ƙasa baki ɗaya, domin ƙarfafa zumunta da haɗin kai tsakanin jahohi, waɗanda a lokacin guda bakwai ne. An yi karo na farko a Tawa, kuma wanda ya zama sarkin ƴan kokowa na farko shi ne Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, mutumin Jiratawa a ƙasar Madarunfa. Saboda haka mutanen wannan gunduma suke ganin suna da bakin magana a kan kokowa fiye da kowa: takobi bai san hannun kowa ba kafin hannun ɗansu. Babban filin kokowa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Doso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa. Bayan Kantu, jahar Maraɗi ta sake fitar da waɗansu sarakunan fage, irin su Labo Maikafo da Umaru Bindigau.

YADDA AKE CIN TAKOBI

Wanda bai san ƙa'idar gasar ba, ba zai gane dalilin gardamar ba. Kowace jaha tana karawa da sauran jahohi bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Ɗan kokowar da aka kayar ko da sau ɗaya ne, ya fita daga neman takobi, ko da yake zai ci gaba da shiga fage domin ƙara wa jaharsa yawan kaye. Waɗanda suka tsallake wannan zagaye ba tare da sun sha ƙasa ba, su ne ake haɗawa a tsakaninsu har a rage biyu, biyun nan su yi karon ƙarshe.

Ke nan takobi yana amsa tambaya guda ce tak: wane ne bai faɗi ba a cikin waɗannan kwanaki? Ba ya tambayar wa ya fi yawan kaye a shekara, ko wa ya fi iya dabara, ko wa ya gamu da abokan karawa mafi wuya. Gwani yana iya zamewa ranar farko, santsi ko gaggawa su ja masa, shekararsa ta tafi ke nan. Wani kuma ƙuri'a ta yi masa daɗi, ya yi ta gamuwa da waɗanda ba su kai shi ba har ya iso kusa da ƙarshe. Daga wannan giɓi da ke tsakanin "wanda bai faɗi ba" da "wanda ya fi kowa" ne dukan gardamar take fitowa.

KANTU KO ISAKA

Babbar gardama a Madarunfa ita ce ta tsakanin dattawa da matasa. Matasa da yawa suna riƙe da lissafi. Kadiri Abdu na jahar Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya ɗauki takobi har sau shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa, kuma uku na ƙarshe a jere ya ɗauke su: a Yamai, a Difa, sannan a Agadas a ƙarshen watan Disamba na 2023. A ganinsu magana ta ƙare, domin gani ya kori ji. Sun gan shi da idonsu a talabijin da wayar hannu, Kantu kuwa labarinsa suka tarar.

Dattawa ba su musun lissafin, amma suna cewa ba da mudu ɗaya ake awon zamani biyu ba. Ƴan kokowar farko manoma ne da suka ajiye hauya suka shiga fage. Ba su da mai horarwa na kullum, ba su da wurin motsa jiki na zamani, ba su taɓa kallon hoton abokin karawarsu suna nazarin inda yake da rauni ba. Abin da suke samu bai kai ko kusa da miliyoyin kuɗin sefa da sauran kyaututtukan da ake tara wa sarkin fage a yanzu ba. Ga dattawan, wanda ya share hanya yana da wani girma da mai bin ta ba zai ƙwace masa ba, komai nisan da ya yi.

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba su duba yawan takubba ko zamani, sai hali. Su abin da suke tambaya shi ne: idan ya kayar da mutum, yana miƙa masa hannu ya tashe shi? Idan aka kayar da shi, yana rungumar wanda ya kayar da shi ko kuwa yana neman rigima? Yana gaida na gaba da shi? A wurinsu ɗan kokowar da ba shi da ladabi, ko ya tara takubba goma, ƙarfi kawai gare shi.

Abin da ya ƙara wa wannan gardama zafi a jahar Maraɗi shi ne karon ƙarshe na Agadas a 2023, domin wanda Isaka ya yi nasara a kansa a ranar, Aibo Hasan, ɗan kokowar Maraɗi ne. Jaha ta kai bakin takobi ta dawo hannu wofi. Sai kuma a shekarar 2024, a karo na 45 da aka yi a Doso, gidan Isaka, takobin ya kuɓuce masa ya tafi hannun Abba Ibrahim na Yamai. Dattawa suka ce dama fage ba ya da ɗan gida, kowane gwani da ranarsa.

ALƘALAI, SA'A DA ASIRI

Gardama ta biyu ta shafi yadda ake yanke hukunci. A kokowar ƙauye ba a tashi sai an ga ƙasa a jikin mutum. A gasar ƙasa kuwa akwai ƙayyadadden lokaci, akwai alƙalan wasa, akwai gargaɗi ga wanda ke gudun kamu. Masu kallo da yawa ba su jin daɗin a ce an fitar da mutum alhali gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Waɗansu kuma suna ganin in ba don wannan doka ba, da sai ƙattai biyu su yini suna zagaya juna, kowa na tsoron kai hannu.

Haka nan ba a rasa masu cewa wane da laya ya ci, ko wane malaminsa ya fi na wane. Guraye da layu da rubutun sha tsofaffin abokan kokowa ne, kuma babu mai ɓoye su a fage. Sai dai masu hankali sukan tuna wa jama'a cewa kowa da nasa yake zuwa, amma mutum guda ke komawa da takobi. Wani lokaci kuma a ji raɗe-raɗin cewa an sayi kaye ko an roƙi wani ya kwanta. Irin wannan zance nauyi gare shi. Wanda ba shi da shaida bai kamata ya ɓata sunan bawan Allah da guminsa ya ba shi nasara ba. Hukumar kokowa kuma wajibinta ne ta bincika duk ƙarar da aka kai mata a fili, domin ranar da jama'a ta daina yarda da abin da idonta ya gani a fage, ranar takobi ya zama ƙarfen banza.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE KE YI

Ba a Nijar kaɗai ake wannan jayayya ba. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da kulki. Idan kakar wasa ta ƙare, ƴan jarida masu rubutu a kan wasan su ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi ɗan wasan da ya fi kowa amfani, kuma tun 1931 suke yin haka. A ƙwallon ƙafa, mujallar France Football ta Faransa ta fara ba da kyautar ƙwallon zinariya a 1956, ita ma ta hanyar ƙuri'ar ƴan jarida. A 1970 ta fito da irinta domin Afirka, Salif Keita na ƙasar Mali ya fara ɗauka.

Can, da yake ra'ayin mutane ne ke ba da kyauta, masu kallo sukan ce an yi son kai, ko an duba sunan ƙungiya ba a duba aiki ba. Amma hanyar tasu tana da wani amfani: tana auna aikin shekara guda cur. A Nijar ƙasa ce ke yanke hukunci a gaban dubban idanu, babu mai cewa ƙuri'ar wani ce ta naɗa sarki. Sai dai hukuncin na kwana goma ne. Kowace hanya da abin da take gani da abin da take bari.

KYAUTUTTUKAN DA AKE MANTAWA

Ba takobi kaɗai ake rabawa a gasar ba. Ana yaba jahar da ta fi yawan kaye, ana kuma ba da kyauta a kan kirari, da kyawun shigar gargajiya, da ladabi a fage. Makaɗa da mawaƙa da ƴan cali-cali masu ba jama'a dariya su ma suna da nasu rabo a bikin. Abin mamaki, da wuya a ji ana gardama a kan waɗannan, alhali kuwa su ne suka fi kusa da amsa tambayoyin da takobi ya bari. Yawan kaye na jaha shi ke nuna inda kokowa take da rai, domin aikin mutum goma ne. Kyautar ladabi kuma ita ce ma'aunin masu duba hali. Da gidajen rediyo da jaridu za su riƙa bayyana sunayen waɗanda suka same su kamar yadda suke yi wa sarkin fage, da an rage ganin cewa mutum 79 daga cikin 80 sun yi tafiyar banza.

ABIN DA YA RAGE GA MADARUNFA

Gardama a kan gwanaye abu ne mai kyau, domin ita ke sa yaro ya san sunan Kantu da Salma da Kadade na Tawa, ko da bai gan su ba. Amma gardama ba ta haifar da ɗan kokowa. Kantu ba daga sama ya faɗo Tawa a 1975 ba, dandalin ƙauye ne ya gasa shi shekara da shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gundumar Madarunfa tana da abin da ake bukata. Tana da samari majiya ƙarfi a Gabi, da Safo, da Sarkin Yamma, da Ɗan Isa, da Jiratawa. Tana da gulbi da tafki da noman rani, waɗanda ke riƙe matasa a gida lokacin da na waɗansu wurare ke tafiya cin rani. Abin da ake nema shi ne magadan gari da sarakunan gargajiya da masu hannu da shuni su raya kokowar kaka tsakanin ƙauyuka, a kuma yi zaɓen wakilan gunduma bisa gaskiya, ba sani ba sabo. Tsofaffin ƴan kokowa da ke zaune a ƙauyuka a neme su, a girmama su, a ba su yara su koya musu kamu da ladabi tun ƙarfinsu bai ƙare ba. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuma ga aikin da ya dace da alƙalaminsu: su zauna da dattawa su rubuta sunayen gwanayen garinsu, da kirarinsu, da waɗanda suka kara da su, domin gardamar gobe ta tsaya a kan sani.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya sa a yi wasa a tashi cikin zumunci.