Yadda Na Sa Dutse Cikin Gwangwani

Sa'ad da muke yara a Runka, akwai wani dutse a hanyar gonarmu, wajen bakin dajin Rugu, wanda in ka tsaya ka ƙwala kira sai ya maido maka da muryarka. Kakata ta kan ce aljanu ne ke kwaikwayonmu, mu bar tsokanarsu. Yau shekaru ke nan ba wanda ya taka wurin a gidanmu, saboda 'yan bindiga. Amma a hutun da ya wuce na yi dabarar da na mayar da amsar dutsen nan cikin gwangwanin kifi, shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda abin yake.

Da farko sai mu san mene ne amsa-kuwwa. Malaminmu na Fiziks ya koya mana cewa sauti yana tafiyar mita 340 a sakan ɗaya cikin iska. In ka yi kira, muryarka za ta tafi ta bugi dutse, sa'an nan ta komo. Muddin dutsen bai kai nisan mita 17 ba, kunne ba zai raba kiran da amsar ba, don tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Watau amsa-kuwwa muryarka ce ta makara a hanya, ba aljani ko ɗaya. Duk na'urar da za ta iya riƙe sauti na ɗan lokaci ta sake shi, to, ta zama dutse.

Masu kaɗa jita sun daɗe suna neman wannan. Da can da tef suke yi: kai ɗaya yana ɗaukar sauti, wani kan a gaba kaɗan yana karanta shi, tafiyar da tef ɗin zai yi tsakaninsu ita ce jinkirin. Kamfanin Roland na Japan ya fito da irin wannan a 1974, mai suna Space Echo. A 1969 kuma injiniyoyin Philips a Holan suka ƙirƙiro wata hanya, inda sauti ke bi ta ɗaruruwan ƙananan ma'aji, kamar yadda magina ke jeruwa suna miƙa tubali hannu da hannu.

Abin da ya sa ni cikin wannan sha'ani shi ne labarin Mdou Moctar, wani Buzu ɗan Nijar, wanda ya yi jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, daga baya kuma har Amurka da Turai ya je wasa. Na ce abin da katako ya yi masa zai yi mini. Na haɗa tawa da galan da sanda da wayar birki uku, na manna mata ɗan faifan tagullar nan da ake samu cikin agogo mai ƙararrawa, don ya mayar da girgiza ta zama lantarki. Ta yi ƙara, amma a bushe, kamar ana buga kwano.

Kawuna mai gyaran rediyo ne. A rumfarsa na tsinci wata matacciyar amfilifaya irin ta masu tallan magani a kasuwa, waɗanda in sun ce "jama'a" sai ka ji ta sau uku. Da muka buɗe ta ya nuna mini wani ɗan baƙin abu mai ƙafa 16, an rubuta PT2399 a bayansa. Masu gyara aisi suke ce masa. Wani kamfani ne a Taiwan ke yin sa. Aikinsa shi ne ya mayar da sauti lambobi, ya ajiye su cikin 'yar ƙwaƙwalwarsa, sa'an nan ya sake mayar da su sauti. Na cire allon da yake kai, na sa cikin gwangwani, na ɗaura makunnin fitilar babur a sama don in riƙa takawa da ƙafa, tun da hannu biyu suna kan jita.

A nan na yi wauta. Aisin nan bolt 5 yake ci, ni kuwa don gaggawa na haɗa shi kai tsaye da batir mai bolt 9. Ya yi zafi, ya yi wari, shi ke nan. Kawu ya dube ni ya ce, "Yaro, wanda bai iya jira ba ai ba ya kama dalma." Sai da na yi mako uku ina share masa rumfa kafin ya sa aka sayo wani daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, tare da ɗan abu mai ƙafa uku, 78L05, wanda ke rage wutar zuwa bolt 5.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙafa ta shida. Rezistar da ke tsakaninta da ƙasa ita ce ke faɗa wa aisin saurin da zai yi aiki. In ƙarama ce, jinkirin kamar kashi 3 cikin ɗari ne na sakan. In ta kai wajen om 27,000, jinkirin ya kusa sulusin sakan. Na zauna na yi lissafi: sulusin sakan daidai yake da dutsen da ke nisan mita 57 daga gare ka. Saboda haka na cire rezistar da ke wurin, na sa abin murɗawa irin na ƙara muryar rediyo, mai om 50,000. Ga shi ina zaune ina matso da dutse ina kuma tura shi da yatsa biyu! Sai dai dole a bar ƙaramar rezista, kamar mai om 2,000, a jere da abin murɗawar, in ba haka ba aisin ya kan ƙame lokacin da aka kunna shi.

Amma fa ba a tura dutsen nan kyauta. Ƙwaƙwalwar aisin ba ta ƙaruwa, don haka in kana son dogon jinkiri sai ya rage saurin ɗaukar sauti, amsar ta fito da shuu da ƙaiƙayi. Na magance wannan da sauya kafasita ɗaya da wadda ta fi ta girma, ta tace siririyar ƙarar. Amsar ta ɗan dushe. Kawu ya ce na ɓata ta, ni kuwa a ganina ta fi daɗi haka, don dutsen gonarmu ma bai taɓa maido murya tangaram ba.

Abin murɗawa na biyu shi ke mayar da wani kashi na amsar cikin aisin, ta sake zagayowa. Kaɗan, amsa biyu ko uku. In ka cika, sai na'urar ta shiga amsa wa kanta, ta yi ta kuka ba ko taɓa jita. Ranar da na fara jin haka awakinmu sai da suka tsinke igiya.

Wannan kukan ne ya fito da Baba. Da ma ya riga ya gaya mini cewa gidanmu ba gidan roƙo ba ne, boko aka kai ni, ba kiɗa ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yi haƙuri, darasinmu ne na makaranta," na nuna masa lissafin mita 57 a littafina. Bai ce kome ba. Kawu ya zare jitar ya sa makirufo, ya miƙa masa. Baba ya yi gyaran murya, ya kira sunana kamar yadda ya kan kira ni daga ƙarshen gona. Gwangwani ya amsa sau uku. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "Namu ya fi wannan nisa. Ƙara tura shi."

Ya yarda na zo da gwangwanin makaranta, amma jitar tana rataye a rumfar Kawu har sai na gama jarrabawar fita. Wanda ke son gani ya same ni a ɗakin gwaje-gwaje ranar Asabar bayan duba ɗakuna, ya zo da batir, don nawa ya kusa ƙarewa.