Sinimar Namun Daji Da Masu Biyan Kuɗinta

Ɗaukar hoton sinima aiki ne mai cin kuɗi, balle na namun daji. Ɗan wasa a kan ce masa ya tsaya nan ya tsaya, amma zaki ba ya jin umurnin kowa. Mai ɗaukar hoto ya kan yi wata da watanni cikin daji yana jiran abin da ba zai wuce minti uku ba a kan allo, ga kuɗin mota da mai, ga na ma'aikata da abinci. Saboda haka duk sa'ad da aka nuna wa yara irin wannan sinima a makaranta kyauta, lalle akwai wanda ya biya a wani wuri. Muna so mu duba ko su wane ne masu biyan, domin mun lura mai biya ya kan zama shi ne wanda sinimar ke yi wa magana. Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na Ƙungiyar Kula Da Dabbobi ta birnin Frankfurt a ƙasar Jamus, da aikin da ta yi a dajin Serengeti na ƙasar Tanganyika, wadda yanzu ke cikin Tanzaniya.

Mutumin da ya ɗaga sunan wannan ƙungiya shi ne Dokta Bernhard Grzimek, ana faɗin sunan nasa Jimek. Likitan dabbobi ne, an haife shi cikin 1909. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945 aka ba shi riƙon gidan namun daji na Frankfurt, wanda bom ya ragargaza, ya tashe shi daga kango, ya riƙe shi har 1974. Neman dabbobi da son ganin yadda suke zaune a ƙasarsu suka kai shi Afirka tare da ɗansa Michael. A Kwango, wadda a lokacin ke hannun Beljiyam, suka ɗauki sinimar da ta fito cikin 1956, ma'anar sunanta shi ne Babu Wuri Domin Namun Daji. A cikinta sun soki Turawa masu zuwa harbin giwa da zaki don nishaɗi. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo, ta ci lambar girma a bikin sinima na Berlin, kuɗi suka shigo fiye da yadda uban da ɗan suka zata.

To, a nan ne labarin kuɗin ya fara. Suka miƙa wani kashi na ribar ga hukumar gandun daji ta Tanganyika, wai a sayi ƙasa a ƙara wa Serengeti faɗi. Shugaban hukumar, Peter Molloy, ya ba su wata shawara dabam. Gwamnatin Ingila ta riga ta yi niyyar sake iyakar gandun, ga shi kuwa ba wanda ya san yawan dabbobin da ke ciki, ko hanyar da suke bi in ruwa ya ɗauke. Ya ce gara a kashe kuɗin wajen ƙidaya. Mu da muka san aikin ofis mun san darajar wannan shawara, gama ba a tsara kasafin kuɗi sai an san yawan masu biyan haraji, ba a kuwa yanka iyakar burtali sai an san inda shanu ke bi.

Uban da ɗan suka koyi tuƙin jirgin sama, suka sayi wani ƙarami, suka yi masa fenti fari da baƙi irin zanen jakin dawa, don in ya faɗi a daji a hange shi daga nesa. Cikin Disamba 1957 suka tashi daga Jamus. Yadda suka yi ƙidayar abin sha'awa ne ga malamin lissafi: suka raba dajin gida gida a kan taswira, jirgi ya bi layi ya juyo ya bi na kusa da shi, kamar mai huɗa, suna tafe ƙasa ƙasa, kowa na ƙirga na gefensa. A da ana cewa dabbobin sun kai miliyan guda. Su kuwa abin da suka samu kimanin 367,000 ne na manyan dabbobi. Daga ciki akwai wata dabba mai kama da kanki, mai geza da gemu, wadda ake kira nyumbu da harshen Suwahili, ita ce ke yin babbar ƙaura kowace shekara. Nata adadin bai cika 100,000 ba a lissafinsu. Suka kuma kama waɗansu dabbobi suka ɗaura musu ƙwanƙwaro mai launi a wuya, don su gane su daga sama. Da haka suka nuna garken ya kan fita bayan iyakar da aka shata, ya yi watanni a waje.

Ran 10 ga Janairu 1959 Michael yana tafe shi kaɗai cikin jirgin, sai ya yi karo da wata babbar ungulu, fiffiken jirgin ya lalace, ya faɗo. Nan take ya rasu, yana da shekara 24. Aka binne shi a bakin ƙaton ramin nan na Ngorongoro, wanda tsohon dutse ne mai aman wuta. Uban ya koma gida ya ƙarasa haɗa hoton da suka ɗauka, ya fito cikin shekaran nan da sunan Kada Serengeti Ta Mutu, tare da littafi mai wannan suna. Cikin 1960 ta ci lambar Oscar a Amurka. Mutane suka yi ta aiko da gudummawa don tunawa da yaron, har aka gina ɗakin bincike da sunansa a Serengeti.

Amma ribar sinima ruwan sama ce, bana a samu, baɗi a rasa. Abin da ya zaunar da asusun ƙungiyar shi ne talabijin. Tun Oktoba 1956 Jimek ya fara wani shiri mai suna Wuri Domin Dabbobi, bai daina ba sai da ya rasu cikin 1987, bayan ya yi shi sau 175. Ya kan zo da dabba mai rai ya ajiye a gabansa, yau biri, gobe wani ɗan damisa, tana hawa kafaɗarsa yana bayani. In zai rufe sai ya karanta lambar asusun banki, ya roƙi kowa ya aiko da abin da ya sawwaƙa. Ma'aikaci da tsohuwa da ɗan makaranta suka riƙa aikawa kaɗan kaɗan, har abin ya zama miliyoyi. Waɗansu da suka girma suna kallon shirin suka sa ƙungiyar cikin wasiyyarsu. Cikin 2001 aka tattara dukiyar aka mai da ita kamar wakafi, watau ba a taɓa uwar kuɗi, sai abin da ta haifa ake kashewa. A ganinmu wannan ita ce dabarar da ta fi ta jirgin sama, ko da ya ke ba ta da daɗin labari: mutum ya mutu, roƙon da ya yi yana ta biyan kuɗin mota da na masu gadin daji.

Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa. Masu biya Jamusawa ne, saboda haka da su sinimar ke magana. An nuna musu Serengeti tamkar wata aljannar dabbobi wadda ɗan Adam bai kamata ya zauna cikinta ba, Jimek kuwa bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa gandun daji ba wurin zaman mutane ne ba, ko da 'yan ƙasa ne. Alhali kuwa Masai, makiyaya masu shanu, suna kiwo a wannan fili tun kafin Bature ya san da shi. Cikin 1959, shekarar da sinimar ta fito, aka fitar da su daga Serengeti, aka ce su zauna a yankin Ngorongoro tare da namun daji. Gaskiya ne Gwamnatin Ingila ce ta yanke wannan hukunci, ba mai sinima ba, amma sinimar ce ta koya wa duniya kallon filin babu mutanensa. Maganar ba ta mutu ba: daga 2022 Gwamnatin Tanzaniya ta fara kwasar waɗansu Masai daga Ngorongoro zuwa wani wuri mai nisa da ake kira Msomera, ana ta jayayya a kai.

Wani abin mamaki kuma, shanun makiyayan nan suna da hannu cikin farfaɗowar dajin. Ciwon bushiya ya daɗe yana kashe 'ya'yan nyumbu, daga shanu ya ke kama su. Da aka yi wa shanun kewayen allura, ciwon ya ɓace daga namun daji a farkon shekarun 1960, nyumbu suka yi ta hayayyafa har suka wuce miliyan guda kafin 1980. Likitan shanu ya yi aikin da ba a nuna a allo ba.

Daga baya waɗansu suka ga wannan giɓi, suka ce a yi sinima domin mutanen da ke kwana kusa da giwa, waɗanda ita ke cinye wa gona. A Kenya ɗaliban sakandare ne suka nemi a kafa ƙungiyoyin namun daji na makarantu cikin 1968, ƙungiyar kuwa ta sami mota mai yawo makaranta makaranta tana nuna hoto. Dattawanmu za su gane wannan, domin shi ne aikin majigi da aka yi a nan Arewa, mota ta iso gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, mai bayani na yi da Hausa. Cikin 1998 kuma Simon Trevor, wanda ya taɓa aikin gandun daji a Kenya kafin ya zama mai ɗaukar hoto, ya kafa wata gidauniya ta sinimar muhalli ta Afirka. Tana yin hotuna a kan giwa da daji da ruwa, ta sa musu murya da Suwahili da waɗansu harsunan ƙasar, ta raba wa makarantu kyauta.

Wahalar irin wannan aiki a fili ta ke. Sinimar Jimek ta biya kanta da kanta, gama mai kallo ya sayi tikiti a ƙofa. Ɗan makarantar ƙauye ba shi da abin saye, don haka kowane sisi sai an roƙo shi daga wani wanda ba zai zauna cikin ajin ba. Mai bayarwa kuwa ya fi son ya ji an ce kuɗinsa ne ya ɗauki hoton giwa. Da wuya ya yi marmarin biyan mai fassara, ko man janareta, ko gyaran motar da za ta kai hoton ƙauye, ga shi kuwa in babu waɗannan hoton na nan kwance cikin akwati. Malamin da aka kawo wa irin wannan sinima, kafin ya tara yara, ya kamata ya kalle ta shi kaɗai tukuna, ya duba ko manomi da makiyayi sun fito a ciki, in sun fito kuwa ko an bar su sun yi magana da bakinsu.